Skyblog (2002-2023): siffofin wani dandalin matasa da matsalar tsaron masu amfani da shi

Taƙaitawa

Wannan takarda tana bayani a kan Skyblog, dandalin da matasan Faransa da na sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci suka yi ta rubutu a cikinsa tun kafin Facebook ya iso gare su. Mun duba yadda aka tsara shi, da matakan da aka ɗauka don kare masu amfani da shi. Ra'ayinmu shi ne, siffofin da suka sa matasa suka so dandalin su ne kuma suka jawo musu yawancin matsalolin da suka gamu da su.

0. Gabatarwa

Ranar 21 ga watan Agusta na shekara ta 2023 aka rufe Skyblog, bayan ya yi shekara 20 da ƴan watanni yana aiki. Babban ɗakin ajiyar littattafai na ƙasar Faransa (BnF) da hukumar adana kayan radiyo da talabijin (INA) sun kwashi miliyoyin shafuka sun adana. Ke nan abin da yara ƴan shekara 13 ko 15 suka rubuta da dare a ɗakunansu ya zama kayan bincike ga masana harshe da tarihi da halayyar zaman jama'a. Dalili ke nan da ya sa muka ga ya dace mu gabatar da dandalin ga malamai da ɗaliban da wataƙila za su yi aiki da irin wannan taska.

Za mu kasa bayaninmu kashi biyar. Za mu fara da kalmomin aiki, sannan asalin dandalin, da siffofinsa, da batun tsaro, sai kuma yadda aka rufe shi aka adana abin da ke ciki.

1. Kalmomin aiki

Tun da yawancin kalmomin wannan fanni da Faransanci muka fara jin su, ga waɗanda muka zaɓa da Hausa:

- dandali (plate-forme): wurin da ke cikin intanet wanda ya tattara shafukan mutane masu yawa a ƙarƙashin tsari ɗaya;
- shafi (blog): wurin da mutum ɗaya yake rubutu a kai a kai, sabon rubutu da tsoho suna jere bisa kwanan wata;
- sunan aro (pseudonyme): sunan da mai shafi ya laƙaba wa kansa a madadin na yanka;
- tsokaci (commentaire): abin da mai karatu ya rubuta a ƙarƙashin rubutun wani;
- mai masauki (hébergeur): kamfanin da ke ajiye rubutun wasu a na'urorinsa, ba tare da shi ya rubuta ba;
- mai wallafa (éditeur): wanda ya zaɓi abin da za a fitar, kuma alhakinsa ke wuyansa;
- sa ido (modération): aikin duba abin da aka wallafa da cire wanda ya saɓa wa ƙa'ida.

2. Asali da bunƙasa

Skyrock gidan radiyo ne mai zaman kansa da Pierre Bellanger ya kafa a birnin Paris cikin shekara ta 1986. Daga 1996 gidan ya karkata ga kiɗan rap, abin da ya sa ya samu masu saurare da yawa cikin matasa, musamman na unguwannin bayan gari. A watan Disamba na 2002 ya buɗe Skyblog. Wannan asali yana da muhimmanci, don kuwa dandalin bai sha wahalar neman jama'a ba: jama'ar suna nan suna sauraren radiyo kowane dare, sai kawai aka ba su wurin rubutu.

Abubuwa biyu suka taimaka masa. Na farko, a daidai wannan lokaci intanet mai sauri ta hanyar wayar tarho (ADSL) ya yi araha a Faransa. A ƙarshen 2002 kamfanin Free ya fara sayar da shi kan yuro 29,99 a wata, ba tare da ƙidayar awoyi ba. Na biyu, ƙananan na'urorin ɗaukar hoto marasa fim, sannan wayoyin salula masu ɗaukar hoto, sun shiga hannun ƴan lakwal. Yaro ya samu hoto, ya samu hanya, abin da ya rage masa shi ne wurin nunawa.

Buɗe shafi kyauta ne, kamfanin yana samun kuɗinsa daga tallace-tallace. A watan Mayu na 2007 aka bar sunan Skyblog aka koma Skyrock.com, ko da yake jama'a sun ci gaba da kiransa da tsohon sunansa. A watan Yuni na 2008 kamfanin ƙididdiga na comScore ya sa shi na bakwai cikin dandalin sada zumunta na duniya, da masu ziyara sama da miliyan 21. A wajen 2011 yawan shafukan ya zarce miliyan 30. Ban da Faransa, an yi amfani da shi a Beljiyam da Suwis da Kebek da arewacin Afirka da ƙasashenmu na yammacin Afirka, inda akasari ta gidajen intanet da ake kira sibar ake shiga, ana biyan kuɗin awa.

Komawarsa baya ta faro ne bayan Facebook ya fito da Faransanci cikin 2008. A hankali matasa suka ƙaura, suka bar shafukansu a buɗe, da yawa ma sun manta kalmar sirrinsu. Za mu komo ga wannan a kashi na 5.

3. Siffofin dandalin

3.1. Sauƙin buɗe shafi

Kafin shafuka irin waɗannan, wanda ke son wallafa wani abu cikin intanet sai ya san ɗan wani abu na harshen HTML. A Skyblog kuwa, mutum zai zaɓi suna da kalmar sirri, ya ba da adireshin wasiƙarsa ta intanet, ya faɗi shekarunsa, cikin ƴan mintoci ya mallaki shafi. Yana iya zaɓen launin bango da na rubutu. Abin lura a nan shi ne, shekarun da yaro ya faɗa su ake ɗauka, babu wata takarda da ake nema.

3.2. Sunan aro

Adireshin kowane shafi ya ƙunshi sunan aro, sannan sunan dandalin. Bisa ga zahiri wannan kariya ce, tun da ba a tilasta wa kowa ya bayyana sunansa na yanka ba. Amma in muka dubi yadda matasa suke ƙera sunayen, za mu ga sau da yawa suna haɗa guntun sunansu da shekarar haihuwa ko lambar jiharsu, kamar 93 ta Seine-Saint-Denis ko 13 ta yankin Marseille. Rubutun farko kuma galibi gabatar da kai ne: suna, shekaru, gari, aji, sunayen aminai, wani lokaci har da adireshin MSN Messenger don a yi hira. Ashe sunan aron ado ne da alamar ƙungiya fiye da yadda yake mayafi.

3.3. Hoto da ɗan rubutu

Siffar da aka fi sani da ita ita ce hoto ɗaya da ƴan layuka a ƙarƙashinsa. Yawancin hotunan na mai shafi ne da abokansa: a farfajiyar lakwal, a ɗakin kwana, wurin biki. Kowane amini yana samun nasa rubutu na yabo. Harshen kuwa cike yake da gajerce-gajercen saƙon salula, irin su mdr (mort de rire), tkt (t'inquiète) da jtm (je t'aime), da cuɗanya manyan baƙaƙe da ƙanana, da kalmomin verlan da na Larabci. Wannan ne ya sa taskar take da daraja ga masanin harshe, don da wuya a samu rubutun matasa mai yawa haka wanda malami bai gyara ba.

3.4. Tsokaci da ƙidaya

A gefen kowane shafi ana nuna yawan rubuce-rubuce da yawan tsokaci. Nan da nan wannan adadi ya zama ma'aunin farin jini. Jimlar da ta fi shahara a dandalin ita ce « lâche tes coms », wato a bar mini tsokaci. Har wata al'ada ta biki ta kafu: ka yi mini goma, in rama maka goma, ko da tsokacin lambobi ne kawai marasa ma'ana. Akwai kuma jerin abokai da jerin shafukan da mutum ya fi so, waɗanda ta cikinsu ake tsallakawa daga wannan shafi zuwa wancan. Kamfanin kansa yana zaɓen wasu shafuka ya nuna su a shafin farko na dandalin, abin da kan jawo wa mai shi dubban baƙi cikin kwana ɗaya.

3.5. Sauyin 2007

Da aka koma Skyrock.com sai aka ƙarfafa ɓangaren sada zumunta: kowa ya samu katin gabatar da kai, ga saƙonnin sirri tsakanin mutum biyu. Tun daga nan wani kaso na mu'amala ya bar fili ya koma inda sauran masu karatu ba sa gani. Wannan ya rage tonon asiri, amma ya buɗe wa baƙo hanyar keɓewa da yaro.

4. Batun tsaro

4.1. Abin da doka ta tanada

Dokar Faransa ta 21 ga watan Yuni 2004 game da harkokin intanet (LCEN) ta bambanta mai masauki da mai wallafa. Ba a ɗora wa mai masauki nauyin karanta duk abin da aka ajiye a wurinsa ba. Laifi yana hawa kansa ne in an sanar da shi wani abu da ya fito fili haramtacce ne, amma bai gaggauta cire shi ba. Dokar ta kuma wajabta masa ajiye bayanan da za su sa a gane wanda ya yi rubutu, ya miƙa su in shari'a ta nema. Skyrock mai masauki ne. Alhakin abin da aka rubuta kuwa yana kan mai shafi, ko da ɗan shekara 14 ne.

Ma'anar wannan ita ce, tsohuwar dokar ƴan jarida ta 29 ga watan Yuli 1881, wadda ta hukunta zagi da ɓata suna a bainar jama'a, ta hau kan yaron. Haka ma aya ta 9 ta kundin dokokin zaman jama'a (Code civil), wadda ta kare rayuwar mutum ta sirri, kuma a kanta alƙalai suke dogara wajen hana wallafa hoton mutum ba da izininsa ba. In aka yanke diyya, iyaye ne ke biya. Yaron yana ganin littafin sirrinsa yake rubutawa don abokansa biyar ko shida, doka kuwa tana kallonsa kamar mai jarida.

4.2. Matakan da dandalin ya ɗauka

Matakan iri uku ne. Akwai ƙa'idojin da kowa yake amincewa da su wajen buɗe shafi, waɗanda suka hana batsa da wariyar launin fata da tunzura jama'a. Akwai ma'aikata masu sa ido, da wurin da mai karatu zai latsa ya kai ƙarar shafin da ya ga ya kauce. In ƙarar ta tabbata sai a cire rubutun ko a rufe shafin. Akwai kuma ikon da aka ba mai shafi na share tsokacin da bai so da toshe wanda ya dame shi.

Duk waɗannan matakai suna aiki ne bayan abu ya riga ya fito. Ga kuma iyaka ta biyu: mai sa ido yana iya gane hoton batsa da kallo ɗaya, amma ba ya iya gane cewa wani hoto na yarinya tana dariya an ɗauke shi ne ba da saninta ba, ko cewa wani laƙabi da aka rubuta a ƙarƙashinsa shi ne wanda ake tsokanarta da shi a aji. Cutar tana cikin abin da ƴan ajin suka sani, wanda ma'aikacin da ke Paris bai sani ba.

4.3. Shekara ta 2005

Abubuwa biyu da suka faru cikin 2005 sun nuna wa manya abin da ke gudana. A farkon shekarar, makarantun sakandare da dama sun kori ɗalibai, wasu na ƴan kwanaki wasu kwata-kwata, saboda sun ɗauki hotunan malamansu da salula sun wallafa tare da zagi. Gano su bai yi wuya ba, tun da shafin yana ɗauke da fuskokin ƴan ajin da sunan makarantar.

Na biyu shi ne tarzomar unguwannin bayan gari, wadda ta ɓarke a Clichy-sous-Bois ranar 27 ga watan Oktoba bayan mutuwar wasu samari biyu, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ranar 8 ga watan Nuwamba. An buɗe shafukan ta'aziyya, tsokaci ya yi ta kwarara, wasu na juyayi wasu na kiran a fito a yi ƙone-ƙone. Dandalin ya rufe wasu shafuka, ƴan sanda kuma suka kama wasu matasa bisa zargin tunzura jama'a. A nan ma an ga cewa sunan aro ba ya tsare kowa daga hukuma, don mai masauki yana riƙe da sawun kowace shiga.

4.4. Baƙo da na gida

Tsoron da ya fi yawa a bakin iyaye da ƴan jarida a wancan lokaci shi ne na babban mutum da zai fake da sunan aro ya yaudari yaro. Tsoron yana da tushe, kuma doka ta amsa shi da wuri: dokar 5 ga watan Maris 2007 ta mayar da neman lalata da yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ta hanyar intanet laifi mai zaman kansa, a 2009 kuma aka buɗe PHAROS, wurin da jama'a ke kai rahoton haramtattun abubuwa ga ƴan sanda da jandarmomi.

Amma in muka koma ga siffofin da muka bayyana a kashi na 3, za mu ga cewa ƙofar da ta fi faɗi ta na gida ce. Masu karanta shafin yaro su ne ƴan ajinsa. Su suka san wane ne, su ke iya kwafe hotonsa su buɗe wani shafi da sunansa, su ke iya taruwa su cika masa tsokaci da zagi, washegari kuma ya tarar da su a lakwal. Kafin intanet, wanda ake tsangwama yana samun hutu in ya koma gida. Yanzu abin ya bi shi har ɗaki. Duk da haka sai a dokar 4 ga watan Agusta 2014 ne aka tanadi hukunci mai tsanani ga tsangwama ta hanyar intanet, lokacin da yawancin matasa sun riga sun bar Skyblog.

Ga masu shiga ta sibar akwai ƙarin haɗari wanda bai shafi tsarin dandalin kai tsaye ba. Na'urar ta kowa ce. Wanda lokacinsa ya ƙare ya tashi bai rufe shafinsa ba, ya bar wa na bayansa ikon rubuta abin da ya ga dama da sunansa.

5. Rufewa da adanawa

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Wannan ita ce matsalar da babu wanda ya yi tanadinta a 2002. Shafukan a buɗe suke ga injunan bincike, kuma ba sa gogewa don kansu. Wanda ya rubuta shirme yana ɗan shekara 14 ya wayi gari yana da 25 yana neman aiki, shafin yana nan, kalmar sirri ta ɓace, adireshin wasiƙar da ya buɗe shi da ita ya mutu.

Dokar Turai ta zo daga baya ta duba wannan. Ranar 13 ga watan Mayu 2014 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Google Spain, ta amince cewa mutum na iya neman a cire wasu sakamakon bincike da ke fitowa da sunansa. Sannan babbar dokar kare bayanan mutane (RGPD) ta fara aiki ranar 25 ga watan Mayu 2018. Ta ba da haƙƙin neman a goge bayani, ta kuma hana ajiye bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu. Miliyoyin shafukan da masu su suka watsar, cike da hotunan yara, sun zama kaya a wuyan kamfanin. Da ya sanar da rufewar a watan Yuni na 2023, bin wannan doka yana cikin dalilan da ya bayar. An ba masu shafuka kimanin wata biyu su kwafe nasu.

Sai dai gogewa daga intanet ba ta zama ɓacewa ba. Tun daga dokar 1 ga watan Agusta 2006, ajiyar dole (dépôt légal) da ta shafi littattafai da jaridu ta haɗa da intanet na Faransa, kuma RGPD kanta ta yi sassauci ga adanawa don amfanin jama'a da bincike. A kan haka BnF ta kwashi shafuka sama da miliyan 12. Ba a sake su ga kowa ba. Sai mai bincike da aka ba izini, a ɗakunan karatu da aka keɓe. Wannan shi ne matakin tsaro mafi ƙarfi da shafukan suka taɓa samu, kuma ya zo ne bayan dandalin ya mutu.

6. Kammalawa

Mun ga cewa kowace siffa ta Skyblog tana da fuska biyu. Sauƙin shiga ya ba yara bakin magana, ya kuma shigo da waɗanda ba su kai su gane nauyin wallafa ba. Sunan aro ya sa sun saki jiki, alhali bai ɓoye su daga abokan aji ko daga hukuma ba. Ƙidayar tsokaci ta ƙulla zumunci, ta kuma tura su ga nuna abin da zai jawo ido. Matakan tsaron da aka ɗauka sun fi dacewa da abin da ake gane haramcinsa da kallo ɗaya, suka kasa kai wa ga tsangwamar na gida da daɗewar rubutu. Saboda haka, wanda zai auna tsaron wani dandali ya kamata ya fara da tambayoyi uku kafin ya duba ƙa'idojin da kamfani ya rubuta: wa ke iya ganin rubutu in mai shi bai taɓa komai ba, me ake ƙidayawa a nuna wa jama'a, kuma yaushe rubutu yake gogewa.

Akwai kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu mu masu bincike. Ɗalibin da zai tattara misalai daga tsofaffin shafuka, ko daga rukunonin WhatsApp da shafukan Facebook da matasanmu suke rubutu da Hausa a cikinsu, ya tuna cewa masu rubutun ba don shi suka yi ba, kuma da yawansu yara ne a lokacin. Nijar ma tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017. Muna ba da shawarar a cire sunan aro kamar yadda ake cire sunan yanka, kada a sa hoto, kuma kada a kawo jimla mai tsawo yadda take in injin bincike zai iya mayar da mai karatu ga wanda ya rubuta ta. In misalin ya shafi lafiya ko soyayya ko rikicin gida, a nemi izinin mai shi, in ba a same shi ba a nemi wani misali.